Kaurin Tikiti Ɗaya

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Kwana tara ke nan Baba yana asibiti. Wannan littafin awon kaya ne na shagona, na juya shi ta baya na fara rubutu. Shagon ɗinkin yana rufe. Na baro yara wurin babansu, na dawo gidan Baba da jaka ɗaya.

Kowa sai ya tambaye ni yaya nake ji. Ba na jin komai. Ina cin abinci, ina wanka, ina amsa gaisuwa yadda ya kamata. Likita ya faɗi sunan abin, Yaya ya rubuta a wayarsa. Ni ba zan rubuta ba.

Talata, bayan la'asar

Cokali huɗu ya sha. Gwaggo ta ce biyar, amma na biyar ɗin a riga ya zube, ni na goge.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na safe

Yau na fita bayan gida, karo na farko tun ranar da Baba ya faɗi.

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana bin layin dogo a ƙasa da guduma a kafaɗa. Ya buga, ya saurara, ya wuce gaba. Da ya yi ritaya, Inna kuma ta rasu, muka ɗauka zai zauna ya huta. Ina. Sai ya tashi gina nasa layin a bayan gida. Dogon na tagulla ne, kaurin fensir. Kan jirgin bai fi dutsen gugana girma ba, da batir yake tafiya, yana jan taragu uku. Shekara uku yana abu ɗaya, muna yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

Layin ya tashi daga ƙofar kicin, ya bi katanga, ya haye wata 'yar gada a kan lambatu, ya zagaye bishiyar gwaiba. Daga gwaiba zuwa famfo ne ya rage, taku huɗu, da'irar ta haɗe. Ramin wurin yake haƙa ranar. Cebur ɗin yana nan yadda ya bar shi, da takalminsa ƙafa ɗaya.

Na ɗauke takalmin. Na wanke hannu.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Tsohon Direba ya zo dubiya. Abokin Baba ne tun suna samari, shi ke tuƙa jirgin, Baba ke duba masa hanya. Ya shigo yana cewa Mai Guduma ka tashi, kwanciyar nan ba ta yi maka kyau ba, mutumin da bai taɓa barin wani ya huta ba. Baba ya ɗan motsa baki. Gwaggo ta ce murmushi ne.

Da suka fita sai Baba ya kama hannuna da hannun da ke kamawa. Maganarsa ta yi nauyi, sai na sa kunne kusa.

“Uwata, an yi ruwa?”

Na ce ba a yi ba tukuna, zafi dai ake yi. Ya ce ramin yana buɗe. In ruwan fari ya same shi a haka, zai cika ya zaizaye ƙarƙashin layin har gwaiba. Ya ɗauki lokaci kafin ya gama faɗa. Kwana goma sha biyu bai tambayi kowa ba, ko jikokinsa, sai rami.

Na ce zan rufe shi. Ban san me ya sa na ce ba.

Juma'a, da hantsi

Na buɗe akwatin kayan aikinsa. Komai a jere, kamar zai dawo da yamma. Zarto ƙarami, magagari, awartaki, abin nan mai ɗigon ruwa a ciki da ake gane daidaiton ƙasa da shi. Sauran dogo guda uku a naɗe da tsumma. 'Yan katakan da dogo ke kwanciya a kai, waɗanda yake kira matasai, suna jiƙe a gwangwanin baƙin mai saboda gara. Akwai kuma tsofaffin tikitocin jirgi na kwali a ɗaure da roba. Na ce Allah sarki, tsoho da ajiyar tarihi, na mayar da su.

Ban san aikin ba, amma na san kallon ɗinkin wani in kwaikwaya. Na tona gefen nasa na gani: zurfin tafin hannu, manyan tsakuwa a ƙasa, ƙanana a sama, a daddaɓe. Babu siminti ko kaɗan. Dogon a kan tsakuwar yake zaune kawai, ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya wuce.

Na kwashi tsakuwa bokiti bakwai. Bayana ya riƙe. Gara haka.

Juma'a, bayan magariba

Cokali uku.

Asabar, ƙarfe shida na safe

Na tashi da sanyin safiya in shimfiɗa dogon kafin rana ta yi. Da na durƙusa kusa sai na ga abin da ban taɓa lura ba: duk inda dogo biyu suka haɗu a aikin Baba akwai 'yar rata, har farcena yana shiga. Guda goma sha shida, duka haka. Na ce tsufa ne, ido ya fara gajiya, kuma ba wanda ya gaya masa.

Shekara ashirin da biyu ina ɗinki. In baki biyu ba su haɗu ba, warwarewa nake in sake, ko da mai kaya tana tsaye a kaina. Na auna sau uku, na yanka, na goge bakin da magagari, na matse su yadda ko allura ba za ta shiga ba. Mahaɗi huɗu ne nawa. Ba a ma ganin inda aka haɗa.

Na ɗora jirgin na kunna. Ya tashi daga kicin yana ƙas, ƙas, ƙas, ya haye gada, ya zagaye gwaiba. Da ya hau nawa sai ya wuce sumul, ko motsi. Ya dawo ƙofar kicin. Da'irar ta haɗe.

Na ji wani abu kamar daɗi, kaɗan. Na ɗauki bidiyo.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai wa Baba wayar asibiti. Bai kalla ba ma, rufe ido ya yi ya ce in kawo kusa da kunne. Na ga ɗan yatsansa yana taɓa zanen gado, kowane ƙas da taɓawa ɗaya. Sai yatsan ya tsaya. Ya buɗe ido.

“Kin matse su.”

Na ce e, Baba, na gyara har sun fi.

“Ƙarfe yana miƙa in ya sha rana, Uwata. Ina zai je?”

Sai tari ya zo, nas ta shigo ta ce mu ba shi wuri. A hanya raina a ɓace yake. Bokiti bakwai, da bayana, ko sannu babu. Halinsa ke nan tun muna yara: ka kawo ta ɗaya a aji, ya tambaye ka me ya sa rigarka ta yi datti. Na ce a raina ƙarfe kaurin fensir wane irin miƙa zai yi.

Cokali biyu. Ban so in rubuta ba.

Litinin, bayan azahar

Zafin yau ya fi na kullum. Na kunna jirgin da rana tsaka don kawai in ji motsi a gidan. Ya zagaye gwaiba, ya hau nawa, ya tuntsure. Dogon ya lanƙwashe ya fita gefe kamar an taka ƙugiyar rataye kaya, ya ɗaga matasai uku sama. Na kai hannu ya ƙona ni. Na Baba kuwa lafiya lau, ratar nan duk ta rufe ruf, layin a miƙe.

Fitilar gaban jirgin ta fashe. Na tsaya ina kallo. Ban yi kuka ba, ban ma yi tsaki ba. Ƙadangare ya zo ya kwanta a kan tarago na biyu, na bar shi.

Na wanke hannu.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Likita ya kira ni da Yaya ofishinsa. Ya yi magana a hankali, yana juya biro. Ya ce ranar Asabar za mu iya tafiya da shi gida, zai fi jin daɗi cikin iyalinsa. Ya ce a ba shi duk abin da yake so. Na tambaya yaushe za mu dawo da shi a duba. Ya kalli Yaya. Yaya ya kalli takalminsa.

Akwai kalanda a bangon ofishin, ba a juya ta ba tun wata biyu da suka wuce. Ita na yi ta kallo.

Talata, da yamma

Yaya ya same ni a durƙushe ina ciro dogon da ya lanƙwashe. Ya tsaya a kaina ya ce ke yanzu da girmanki, uwar yara uku, wasan ƙasa kike yi uba yana kwance. Ya ce wurin nan ma kwashe shi za a yi, don mutane za su zo, ana buƙatar fili a kafa rumfa.

Na ce waɗanne mutane.

Ya ce kin sani.

Na ce ban sani ba, ka faɗa. Ya kau da kai. Na ce to duk wanda ya taɓa tsakuwa ɗaya a nan, ni da shi ne. Ban taɓa yi wa Yaya magana haka ba. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kamar ina gaya wa mai kaya ranar karɓa. Ya ce Allah ya shirye ki, ya shige ciki.

Laraba, da hantsi

Na kira Tsohon Direba. Ya zo da sandarsa, ya ga ɓarnar, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce 'yar Mai Guduma ce ta yi wannan, lallai yau da yana da ƙarfi da kin sha guduma. Ya ce ba laifinki ba ne 'yata, ku teloli kun tsani rata, su kuma mutanen dogo da ita suke ci.

Ya ce in ɗauko akwatin. Ya zaro tikitocin nan daga roba. Ashe ba tarihi ba ne, ma'auni ne. In da sanyin safe kake aiki, ka sa tikiti biyu tsakanin dogo da dogo. In da rana ne ƙarfe ya riga ya miƙa, tikiti ɗaya ya isa. Ka matsa har ya taɓa kwalin, ka zare. Ya ce a babban layi da ƙarfen awo suke yi, amma ubanki ya ce kwalin nan daidai yake da ƙaramin, kuma ba a musu da shi.

Ya ce ƙarar da fasinja ke ji suna gyangyaɗi, ratar ce ke magana. Shekara da shekaru in yana tuƙi ya ji ta daidai, ya san Baba ya bi ta wurin. Yana faɗa sai ya daina dariya, ya ce rana ta yi, zai tafi.

Dogo biyu sun miƙu da duka a hankali a kan katako. Na ukun ya ƙi miƙuwa, sai na musanya shi da wani tsoho da na samu a ƙasan akwati.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Uku na yi, kowanne da tikiti ɗaya, rana tana dukan ƙeyata. Na huɗun yana ƙarƙashin bututun famfo, hannu ba ya shiga da magagari sai an kwance bututun. Wurin inuwa ne, kullum a jiƙe. Na ce wannan ba zai miƙa ba. Na bar shi a matse. Wa zai sani.

Ban je asibiti ba yau. Gwaggo ta ce bai sha ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

An yi ruwan fari. Ya zo da iska, ya karya reshen gwaiba, ya ɗauke wa maƙwabta kwano ɗaya. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallon ruwa yana bin tsakuwa yana nutsewa, lambatu ya cika ya wuce ta ƙarƙashin gada. Da ya ɗauke na zagaya da abin ɗigon ruwa. Na Baba ko gezau. Nawa ya ɗan zauna a wuri ɗaya, na ƙara tsakuwa na daɓe. Na share ganye, na goge dogon da tsumma.

Layin ya tsaya. Ya kamata in ji daɗi. Na duba, babu.

Gwaggo ta wanke zannuwan gadonsa. Ba su bushe ba, na goge su da dutsen guga.

Asabar, bayan la'asar

Mun dawo da shi. Yaya ya ɗauko shi daga mota a hannu, shi kaɗai, bai ko yi nishi ba. Baban da yake ɗaga buhun siminti.

Za a wuce da shi ɗaki ya ce a'a, baya. Gwaggo ta ce iska za ta buge shi. Yaya ya ce likita ya ce a ba shi abin da yake so. Muka ajiye kujerarsa a ƙofar kicin, muka tokare shi da filo uku, na lulluɓe masa ƙafa.

Na kunna. Na so ya ga gadar da ta tsaya, ya ga inda na daɓe, ya ga fitilar da na liƙe da gam. Bai kalli ko ɗaya ba. Ya rufe ido, yatsa a kan hannun kujera. Ƙas, ƙas, ƙas. Jirgin ya zagayo. Ya ce a sake. Ya sake zagayowa.

“Goma sha tara.”

Baba ne ya faɗa. Ashe ƙarar mahaɗan yake ƙirgawa.

“Ɗaya bai yi magana ba. Na wajen famfo.”

Na ce inuwa ce wurin, Baba. Ya ce in an sare reshen da ya karye, rana za ta shigo. Ban yi tunanin wannan ba. Na ce gobe zan gyara.

“Da rana. Tikiti ɗaya.” Ya huta. “Ukun nan kuwa, Uwata, sun yi.”

Shekarata arba'in da uku, ban taɓa jin ya ce wani abu nawa ya yi ba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa da hannu a aljihu. Gwaggo ta shige kicin tana ƙara wa murhu wutar da ba a dafa komai a kai.

Ya sha cokali shida.

Lahadi, da hantsi

Ban samu na kwance bututun ba. Ba a bar ɗakin ba yau.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Talata, da yamma

Mutane.

Laraba, da yamma

Mutane. Yarana sun zo da babansu. Na amsa wa kowa, na ce amin, na ce na gode. Wata ta kama hannuna ta ce in yi kuka kada ya zame mini ciwo. Na ce to. Wata kuma, a tsakiyar ta'aziyya, ta tambaye ni a hankali ko yadinta yana nan. Na ce yana nan.

Tsohon Direba bai yi wa kowa ba'a ba. Ya zauna a kusurwa da sanda tsakanin gwiwoyi.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Sai yau na leƙa bayan gida. An kafa rumfar, amma a karkace, ƙafarta ɗaya a kan bulo don kada ta taka layin. An jera benci-benci a kife sun kewaye shi daga kicin har famfo, an ɗaure igiya. Na tambayi Gwaggo wa ya yi. Ta ce yayanki, tun ranar Litinin da asuba, shi kaɗai. Ta ce har ya yi wa wani dattijo magana da ya ɗora buta a kan gada.

Ya sare reshen gwaibar kuma, wai kada ya faɗo kan mutane. Rana tana sauka a kan famfo yanzu.



Lahadi, bayan azahar

An kwashe rumfa. Gidan ya koma shiru, sai Gwaggo da ke barci a ɗaki. Kujerar tana nan a ƙofar kicin, ba wanda ya shigar da ita.

Na jira rana ta take. Na rufe ruwa, na kwance bututun, sukurin ya yi tsatsa sai da na sa baƙin mai. Mahaɗin har ya fara turo kai gefe. Na ciro dogon, na ci bakinsa da magagari, na mayar, na sa tikiti ɗaya na matsa har ya taɓa, na zare. Aikin minti ashirin ne. Minti ashirin kacal, kuma ina da su ranar Alhamis ɗin can.

Na ɗora jirgin na kunna. Ban ƙirga ba, na kasa. Ina durƙushe da tikitin a hannu ina kallon tsakuwa, ya bi katanga, ya haye gada, ya zagaye gwaiba, ya wuce ta gaban gwiwata.

“Ashirin.”

Yaya ne, daga bakin ƙofa. Ban san yana nan ba. Hannunsa ɗaya yana kan bayan kujerar.

Na zauna a ƙasa cikin jiƙar famfo, abin da ya ƙi zuwa kwana ashirin da tara ya zo gaba ɗaya, har Gwaggo ta farka. Yaya ya zo ya zauna a gefena da farar rigarsa. Jirgin ya yi ta zagayawa, ba wanda ya tashi ya kashe shi har batir ya ƙare.